Tafiyarmu Malesiya da yara uku, da abin da kamfanin da muka biya ya yi mana

Tun da muka dawo 'yan uwa da ƙawaye suke damuna a WhatsApp da tambaya, wai wane kamfani ne ya shirya mana tafiyar kuma ya aikinsu yake, to ga amsar gaba ɗaya kowa ya karanta. Sunansu ba zan kama ba, a nan Kano suke, wanda ya san ni ya san su. A hutun Agusta muka tafi, ni da Abban yara da yaranmu uku, babbar shekararta 11, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 7, sai auta da ko 4 bai cika ba. Kwana takwas muka yi a Kuala Lumpur. Kuɗin da muka ba su ya haɗa biza da tikitin jirgi da otal da mota da direba da kuɗin shiga wuraren kallo, sannan a ƙasan takardar an rubuta da manyan baƙi wai akwai inshorar lafiya ta kowa da kowa da lambar waya ta awa 24.

Tsakani da Allah farko sun yi ƙoƙari. Biza ta fito a kan lokaci, su suka tuna mana da katin rigakafin shawara, su suka cike mana fom ɗin shiga ƙasar da ake cikewa ta intanet kwana uku kafin a sauka. Ta Doha muka bi, muna fitowa daga filin jirgi muka tarar da direba riƙe da takarda da sunan maigida, dattijo ne Bamale zai kai shekara sittin, da farar hularsa, ya ce yara su dinga ce masa Pak Cik, kamar dai a ce kawu ko baffa a yarensu. Duk titi tutoci ne saboda ranar 31 ga Agusta suke bikin samun 'yancin kai da suka karɓa daga Turawan Ingila a 1957. A motar nan har na tura wa yayata saƙo na ce mata wannan kamfani sun san aikinsu.

Rana ta uku aka kai mu kogon Batu. A takardarsu abin da suka rubuta kawai shi ne kogo, wurin ɗaukar hoto, ba wanda ya gaya mana wurin bautar 'yan Hindu ne, sai da muka sauka muka ga wani ƙaton mutum-mutumi ruwan zinare da ya haura mita 42 a tsaye a bakin dutsen. Abban yara ya ce mu koma mota, amma yaran sun riga sun hango matakalar nan mai launi-launi, ja da shuɗi da kore da ɗorawa, guda 272 har bakin kogon, suka hau magiya, ƙarshe muka yarda za mu hau mu ga kogon mu sauko ba ruwanmu da wurin ibadar mutane. Pak Cik ya ce shi gwiwa ba za ta bar shi ya hau ba zai jira mu a ƙasa, kuma ya ja mana kunne har sau biyu, kada kowa ya riƙe leda ko abinci ko gorar lemo saboda birai. Na tattara komai na zuba a jaka na zuge, sai lemon kwalin da ke hannun auta, na karɓa ya sa kuka, na ce bari ya shanye a hanya. Wannan kam laifina ne kuma har yau yana cina.

Mun kai wajen rabi kenan, ina haki ina riƙe da hannunsa na hagu, sai wani ɗan biri toka-toka mai dogon jela da ke zaune a kan ƙarfen gefe ya diro, kan ka ce kwabo ya cafki kwalin, yaron kuma ya ƙi saki, birin ya fizga ya karce shi a bayan hannu har wuyan hannun, layi uku, nan take jini ya tsatso. Ya ƙwalla ƙara ya yi baya, hannunsa ya suɓuce daga nawa, kuma wanda ya taɓa hawa matakalar nan ya san yadda take a miƙe, wallahi ba don yayarsa da ke bayansa ta damƙi wuyan rigarsa ba ban san me zan zo ina rubutawa yau ba. Innalillahi kawai nake maimaitawa, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata, Abbansu yana can sama da mai bi mata bai ma san abin da ake ciki ba.

Mutumin da ya ce gwiwarsa ba ta hawa, sai ga shi yana tahowa yana dafa ƙarfe yana ture mutane. Bai tsaya tambaya ba ya saɓi yaron a kafaɗa ya sauka da shi, ya nufi famfon da ke wajen banɗaki, ya aiki babbar ta ɗauko sabulu a aljihun motarsa, ya tara hannun a ruwa yana wankewa yana duba agogo. Yaro na ihu, ni ina kuka, Abbansu da ya sauko ya ce masa, Malam ya isa haka mana, ya girgiza kai ya ce sai an cika minti 15. Haka ya tsaya, wandonsa ya jiƙe sharkaf har gwiwa, yana yi wa yaron wata 'yar waƙa da yarensu har ya rage kukan. Daga baya likitar da ta duba shi ta ce abin da ya yi shi ne daidai, duk wanda dabba ta ciza ko ta karta abu na farko shi ne ruwa mai gudu da sabulu na minti 15 kafin ma a nemi asibiti.

A hanyar asibitin ne na fara kiran lambar nan ta awa 24. Ƙarfe sha ɗaya na safe a can, huɗu na asuba a Kano tunda awa 7 ce tsakaninmu, na san lokacin barci ne, amma ai ba ni na ce su rubuta awa 24 ba. Na kira ya fi sau goma tana ta ƙara ba a ɗauka. Muka isa wani ƙaramin asibitin kuɗi, yarinyar da ke kan tebur ta ce mu kawo sunan kamfanin inshorar da lambarmu, na miƙa mata takardar ta juya gaba ta juya baya, babu suna babu lamba, tambarin kamfanin Kano ne kawai da kalmar inshora. Maigida ya ba da katinsa na'ura ta ƙi karɓa, aka sake ta ƙi, dalolinmu suna otal a kulle, ringit ɗin da ke hannunmu, wato kuɗin ƙasar, na kuɗin ruwa da tsarabar yara ne ba zai kai ko'ina ba. Ina tsaye da yaro a kafaɗa ido ya raina fata, sai dattijon nan ya zaro walat ɗinsa ya ƙirga ya biya, ya ce mu ba shi gobe ko jibi ba gaggawa. Likitar mace ce da hijabinta, ta sake wanke ciwon ta tambayi rigakafin da aka yi masa tun yana jariri, Allah ya taimake ni ina da hoton katin a waya, ta ba mu magani ta ce mu dawo bayan kwana biyu ta gani. Ranar komawar ta faɗo a ranar hutun Pak Cik, ya zo da motarsa ya kai mu, kuɗin mai ma ƙememe ya ƙi karɓa.

Sai wajen la'asar ejan ɗin ya kira. Hajiya ki yi haƙuri, Allah ya kiyaye gaba, ki adana rasit in kun dawo za a mayar muku da kuɗinku. Na ce masa Alhaji ina lambar inshorar, ya ce zai turo. Har muka baro ƙasar bai turo ba.

Ita dai ƙasar ba ni da abin cewa a kanta sai alheri, musamman ga mai yara. Duk babban kanti da ka shiga akwai ɗakin sallah da suke kira surau, ɓangaren mata daban da wurin alwala da hijaban sallah a rataye a wanke, ban taɓa rasa inda zan yi sallah ba ko sau ɗaya. Abinci ba ka fargabar abin da za ka ci, yara suka liƙe wa roti canai da shayin nan nasu mai kumfa teh tarik, nasi lemak ne dai suka ƙi, wai shinkafa da kwakwa da ƙananan busasshen kifi da yaji mai zaƙi-zaƙi, ni kuwa da yajin dakana na tafi shi ya rufa min asiri. Lambun da ke bayan tagwayen benayen Petronas akwai wurin wasan ruwa na yara kyauta, da daddare kuma a kunna ruwa mai rawa da fitilu, can muka fi zama. Gidan kifin da ke wurin akwai wata hanya ta gilas mai tsawon mita 90 da ake bi ta ƙarƙashin ruwa manyan kifaye suna wucewa ta saman kanka, a nan auta ya fara dariya tun bayan abin birin, da bandejinsa yana nuna kifi. Masallacin Putrajaya mai ruwan hoda a bakin tafki kuwa gani ya kori ji. A ranar har na ce wa Abbansu a bar maganar inshorar nan, tunda dai su suka haɗa mu da mutumin kirki irin wannan sun ci albarkacinsa, in na tashi rubutu zan ce a yi hulɗa da su amma a yi hattara.

To amma yanzu da nake rubutun na tuno ranar Litinin, raina ya sake ɓaci. Ɗana mai shekara 7 ɗin nan tun wata uku kafin tafiya ba shi da zance sai benayen Petronas, ya zana su a bayan littafin lissafinsa, ya haddace hawa 88 ne, mita 452, su ne mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, akwai gada a hawa na 41 da ta haɗa su sannan a ɗaga mutum zuwa hawa na 86 ya ga gari. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya karanta masa. Kamfanin suka sa mana hawan a ranar Litinin. Tun daren Lahadi Pak Cik ya kalli takardar ya ce anya, yawancin Litinin wurin a rufe yake, a tambaya. Na tura wa ejan saƙo ya amsa da cewa Hajiya an riga an sayi tikiti kada ki damu. Da safe yaron nan da kansa ya yi wanka ya sa sabuwar shaddarsa da hula, muka je, a rufe. Babu wani tikiti da sunanmu, kuma na kwana biyun da suka rage mana duk an sayar tunda lokacin hutu ne kuma da awa-awa ake shiga. Bai yi kuka ba, da ma ya yi, zama kawai ya yi a kan dakalin waje ya ɗaga kai yana kallon gadar, na ce taso mu je a sayo maka ƙaramin na tsaraba ya ce a'a Umma a bar shi. Wannan ya fi kuɗin asibitin ƙona min rai, domin ciwo tsautsayi ne, wannan kuwa ƙarya aka yi min da ido biyu.

Ga ƙananan abubuwa da na so in yi shiru a kansu. Harajin baƙi na ringit 10 da ake karɓa a kowane ɗaki duk dare, sun ce yana ciki, a otal aka ce ba a biya ba, ɗaki biyu kwana takwas muka ƙirga 160 muka bayar. Ranar da aka hau da mu Genting a motar nan mai tafiya a kan igiya, dutse ne da ya kai kusan mita 1,800, hazo da sanyi kamar tsakiyar hunturu, ba wanda ya ce mu ɗauki rigar sanyi, jaket ɗin Pak Cik aka naɗe auta da ita. Kuma ba su gaya mana akwai gidan caca a wurin ba.

Abin da ya ƙarasa kashe min jiki a hanyar filin jirgi na ji shi. Maigida yana yi wa Pak Cik godiya ya ce za mu yaba wa kamfanin da suka ɗauke shi aiki, sai ya yi murmushi ya ce shi bai ma san su ba, wani ɗalibi ɗan Najeriya ne da ke karatu a can ya nemo shi, kuma rabin kuɗinsa aka ba shi, sauran an ce sai mun tafi. Wato mutumin da ya biya wa ɗana kuɗin likita daga aljihunsa shi ma bashi yake bi. Abbansu ya cika masa a take duk da ya yi ta ƙi, wannan ma ya shiga lissafin abin da muke bin su.

Don haka na janye maganar a yi hulɗa da su a yi hattara. Ni dai ban ba kowa shawarar ya kai musu kuɗinsa ba, balle mai tafiya da ƙananan yara. In har kin riga kin biya, kada ki hau jirgi sai kin ga sunan kamfanin inshorar da lambarki a rubuce, kuma duk tikitin da suka ce sun saya a turo miki shi a waya ki ga kwanan wata da idonki. Yau wata biyu da kwanaki da dawowarmu, zuwana ofishinsu uku, yau oga ya yi tafiya gobe akanta ba ya nan, rasitan suna nan a jakata cikin ambulan, Alhamis ma zan koma kuma wannan karon da yayana za mu je. Hannun auta ya warke sai ɗan tabo fari siriri guda biyu. Shekaranjiya Pak Cik ya turo saƙon murya yana tambayar jikinsa, yaron ya karɓi wayar ya yi masa sallama ya ce Pak Cik hannuna ya warke.