Kayan zanen yara a shagunan Kaduna: takarda ta biya, yumɓun roba bai biya ba

Duk lokacin da makarantun firamare suka shirya ranar al'adu, malamai kan nufi shagunan littattafai na Kasuwar Sheikh Gumi su haɗo kaya iri ɗaya: kwali mai launi, siririyar takardar launi, farin gam, fentin ruwa mai kala shida, almakashi da yumɓun roba. Ba duka ne suka cancanci kuɗinsu ba.

Kwalin shi ne gwarzon kayan. Da shi ake kwaikwayon saƙar kente ta Asante da Ewe a Ghana, wadda asali ƙyalle ne siriri, faɗinsa kamar santimita 10, a ɗinke su gefe da gefe. A yanka baƙin kwali daidai girman A4, a ninka biyu, a tsattsaga daga wajen ninkin da tazarar santimita 2, a bar santimita 3 a baki kada ya rabu. Sai yaro ya riƙa cusa zirin rawaya da kore da ja, sama da ƙasa, layi na gaba kuma ya juya. Kwali biyu manya sun ishi yara huɗu. Inda ake samun cikas shi ne zirin ya fi tsagar faɗi. Sai a yi ta tura shi har ya yage.

Amma kada a kuskura a ba yara wannan kwalin don ninke-ninken Japan da ake kira origami. Yana da kauri, kuma in iskar hunturu ta busar da shi, ninki na uku ma sai ya tsage, farin cikinsa ya fito. Takardar origami ta ainihi murabba'i ce mai santimita 15, sirara ƙwarai. Takardar fotokwafi mai nauyin giram 80 ta wadatar: a ninko kusurwa ɗaya ta haɗu da gefe, a yanke rarar, an sami murabba'i mai santimita 21, wanda ya fi dacewa da hannun ɗan aji biyu.

Farin gam ba laifi, sai dai yara na zuba shi kamar miya. A tsiyaya kaɗan a murfin kwalba, kowa ya ɗiba da tsinken ashana. Wanda ke son rage kashe kuɗi ya dama fulawa kofi ɗaya da ruwa kofi biyar, a dafa har ya yi kauri, a sa gishiri cokali ɗaya. Da damina kada ya kwana biyu, fumfuna yake yi.

Fentin ruwan matsakaici ne. Ja da shuɗi suna kamawa, rawayan kuwa sai an shafa sau biyu.

Yumɓun roba ne abin takaici. Ba ya bushewa, zafin watan Maris na sa shi laushi ya yi ta naso a kan benci, kuma kafin a tashi darasi kalolin sun cakuɗe sun koma ruwan ƙasa. Ga shi a jihar da garin Nok yake, a ƙaramar hukumar Jaba, inda masu haƙar kuza suka tono tsohuwar siffa ta gasasshen yumɓu a 1928. Gara a sayi yumɓun gaske wurin masu ginin tukwane. Kowane yaro dunƙule kamar lemon zaƙi ya ishe shi. A cuɗa shi da ɗan yashi mai laushi, a mulmula siffar kan mutum irin na Nok, a raraƙe cikinsa da babban yatsa kada kaurin ya wuce santimita ɗaya, a zana ido mai kusurwa uku a huda tsakiyarsa da fensir, kamar yadda kawunan Nok suke. A rufe da leda kwana biyu, sannan a shanya a inuwa mako guda. In aka kai rana kai tsaye, waje ya bushe ciki na ɗanye, sai tsagewa.

Akwai iyayen da ba sa son 'ya'yansu su ƙera siffar mutum, kuma ba abin jayayya ba ne. Waɗannan yaran a ba su adon tayil na birnin Fas a Maroko: murabba'i biyu na kwali, a ɗora ɗaya kan ɗaya a karkace, tauraro mai kusurwa takwas ya fito, a jera su a bangon aji da ragowar zirin kente a tsakaninsu.