Kantin Maganin da Ya Ƙi Sayar Mini da Artesunate Don Kansar Hanta

Bayan likitoci sun tabbatar da cewa ƙullutun da aka gani a hoton cikin Kawu kansar hanta ce, sai wani saƙo ya yi ta yawo a zauren WhatsApp na danginmu, yana cewa artesunate, maganin zazzaɓin cizon sauro, yana warkar da wannan cuta. Ni aka ɗora wa nauyin sayowa, don haka na nufi wani babban kantin magani a Kano inda muka daɗe muna sayen maganin hawan jinin mahaifiyata.

Kantin yana da tsafta, kuma allurai suna cikin firji mai aiki da hasken rana. Sai dai layi yana da tsawo da yamma, kuma farashinsu ya ɗara na ƙananan kemis na unguwa, abin da na sha yi musu ƙorafi a kansa.

Da na faɗi adadin kwalayen da nake so, yaron kanti ya kira mai harhaɗa magunguna, wata dattijuwa mai natsuwa, wadda ta karɓi takardun asibitin Kawu ta karanta kafin ta ce komai. Ba ta ƙaryata saƙon baki ɗaya ba, kuma wannan ne ya sa na saurare ta. Ta bayyana cewa sinadarin artemisinin da ake samar da artesunate daga gare shi, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro daga wani ganye a shekarar 1972 har ta sami kyautar Nobel a 2015, yana lalata ƙwayar halitta idan ya haɗu da sinadarin ƙarfe, kuma da yake ƙwayoyin kansa suna tara ƙarfe da yawa, masana sun ga yana kashe su a ɗakin gwaje-gwaje da jikin ɓeraye. Haka ma ana binciken kulorokwin, saboda yana toshe hanyar da ƙwayar kansa ke sake sarrafa abin da ke cikinta don ta rayu. Amma har yanzu ba a amince da ko ɗaya daga cikinsu a matsayin maganin kansar hanta ba, alhali wani magani mai suna sorafenib ya sami amincewa tun 2007.

"Malam, hantar da ta riga ta raunana ita ce za ta sarrafa duk abin da kuka ɗura masa," in ji ta. Ta ƙara da cewa shan artesunate shi kaɗai barkatai yana koya wa ƙwayar maleriya jure magani, shi ya sa ake haɗa shi da wani maganin.

Na ji haushi a lokacin, domin na zo da kuɗi a hannu kuma ana jirana a gida. Abin da ya sauya mini tunani shi ne tambayar da ta yi, wato ko an gwada iyalan Kawu ciwon hanta nau'in B, wanda shi ne babban musabbabin wannan kansa a yankinmu, tare da gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba. Babu wanda aka gwada. Ta rubuta mini tambayoyi uku da zan yi wa likitan Kawu, ta kuma nuna mini inda ake gwajin jini da rigakafi, ba ta karɓi ko sisi ba. Washegari na kai matar Kawu da 'ya'yansa biyar aka ɗebi jininsu.