Kuɗin Haya: A Karɓi na Shekara ko Wata-Wata?

Wani ɗan'uwa ya ce ya kammala ginin ciki da falo guda huɗu a Kubwa da ke Abuja, yana tambaya ko ya riƙa karɓar kuɗin haya na shekara gaba ɗaya, ko ya bari a riƙa biyan sa wata-wata. Malam, Allah ya sanya albarka a ginin, ga abin da nake gani.

Amfanin kuɗin shekara a bayyane yake, domin kuɗi ne dunƙule da za ka iya yin aiki mai nauyi da su, kamar sauya kwanon da ke yoyo kafin damina ta faɗi ko kwashe masai idan ya cika. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, saboda haka wanda ya karɓi kuɗinsa a Janairu ya sayi siminti nan take ya fi wanda ya tattara su kaɗan-kaɗan har Disamba. Sai dai akwai abin da masu gidaje da yawa ba sa lura da shi sai rigima ta taso: yadda kake karɓar kuɗi yana da tasiri a kan tsawon notis ɗin da doka ta ɗora maka. A ƙarƙashin dokar karɓo gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja, idan ba ku ƙayyade wani wa'adi a yarjejeniya ba, ɗan hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata 6, sannan a ba shi wani na kwana 7 kafin a shigar da ƙara kotu, alhali ɗan hayar wata notis na wata 1 ya ishe shi kafin na kwana 7 ɗin. Cire masa ƙofa ko yanke masa wuta ba ya maye gurbin wannan tsari, hasali ma kai zai jefa cikin laifi.

Biyan wata-wata kuwa ya fi sauƙi ga ma'aikacin da albashinsa ke zuwa ƙarshen wata, kuma ni ina ganin akwai tausayi a cikinsa, domin na ga magidancin da ya sayar da babur ɗin da yake nema da shi don ya haɗa kuɗin shekara. Ɗaki ba ya daɗewa babu kowa, kuma wanda ba ya biya za ka gane shi tun wata na biyu. Wahalarsa ita ce bibiya, ga shi kuɗin da suka shigo a gutsure sukan narke a cefane.

Da ni ne, zan karɓi na shekarar farko daga sabon ɗan haya, idan ya nuna amana sai in sassauta masa ya koma biyan wata uku-uku. Kada ka nemi na shekara biyu. Jihar Legas ma ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya a dokarta ta 2011. Kowanne ka zaɓa, lauya ya rubuta muku yarjejeniya da ta fayyace wa'adin notis da wanda gyaran famfo da kuɗin wuta suke kansa, kuma kowane rasit ya nuna daga wace rana zuwa wace rana aka biya.