Wace ma'adana za ka saya don ajiye lambobin rimot?

Kafin ka zaro kuɗi, duba irin rimot ɗin da na'urar da kake haɗawa za ta koyi lambobinsa ta ajiye, don girman lambarsa ne zai nuna maka abin saye.

Rimot mai bin tsarin NEC, ɗaya daga cikin tsare-tsaren aika saƙon rimot, bit 32 yake aikawa, bayit 4 ke nan. Ka haɗa da alamar tsarin da tsawon lambar, maɓalli ɗaya bai wuce bayit 6 ba. Ma'adanar EEPROM da ke cikin ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon Arduino Uno, bayit 1,024 ce, za ta ɗauki maɓalli kusan 170, kuma ko wuta ta ɗauke suna nan. Idan talabijin da dikoda kawai kake hari, kada ka sayi komai.

Rigimar tana farawa ne idan na'urar ba ta gane tsarin ba, dole ta ajiye saƙon ɗanye, wato tsawon kowane kunnawa da kashewar hasken da rimot ke aikawa. Saƙo mai tsawon na NEC yana da irin waɗannan ma'aunai kusan 67, kowanne bayit 2. Maɓalli bakwai, ma'adana ta cika! Rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki ya fi haka ci, domin duk dannawa ɗaya yana tura zafi da ƙarfin iska da sauran saiti a dunƙule, sau da yawa fiye da bit 100.

Nan 24LC256, EEPROM na waje da ake haɗawa da allon, ke da rana. Kilobayit 32 ne, waya biyu ta I2C (hanyar haɗa shi da allon) ta ishe shi, zai riƙe ɗanyen saƙo irin na NEC sama da 200. Sai dai shafinsa, wato abin da yake rubutawa a karo ɗaya, bayit 64 ne. Rubutu ya haura iyakar shafi, sai ya dawo farko ya take abin da ke wurin. Duk da haka, ni 24LC256 nake zaɓa.

FRAM, wani nau'in ma'adana kamar MB85RC256V, ya fi sauri da jure rubutu, ya kuma fi tsada. Amma sau nawa za ka sake koya wa na'ura maɓalli? EEPROM na ciki ma yana jure rubutu 100,000. Sayen FRAM asarar kuɗi ce.

W25Q32, ma'adanar filashi, megabayit 4 ne, sai dai kafin a gyara lamba ɗaya sai an goge kilobayit 4 gaba ɗaya. Ya dace da mai loda tarin lambobi sau ɗaya ya bar su.

Mai allon ESP32 kuwa ba shi da EEPROM na gaske, amma Preferences, wata manhajar ajiya ta ESP32, na ajiye masa lambobin a filashin cikin allon, kuma wurin ya ishi rimot ɗin gida.