People in Research: shafin neman masu ba da shawara kan binciken lafiya a Birtaniya

Shafin People in Research na hukumar NIHR ne, wadda ke ɗaukar nauyin binciken lafiya da kula da jama'a a Ingila tun 2006. Kyauta ne, kuma aikinsa ɗaya: masu bincike su sa sanarwar suna neman marasa lafiya, masu jinya ko sauran jama'a da za su ba su shawara, mai sha'awa ya duba ya tuntuɓe su. Ba a nan ake neman waɗanda za a gwada magani a kansu ba, wannan aikin shafin Be Part of Research ne.

Ayyukan sun bambanta ƙwarai. Akwai na awa ɗaya, kamar karanta takardar bayanin da za a ba mahalarta kafin su sa hannu, ka nuna inda Turancin ya yi nauyi. Akwai taron mutum shida ko takwas ta Zoom. Akwai kuma zama a kwamitin sa ido, wanda kan kai shekara biyu ko uku. Sanarwa takan faɗi ko ana biya, ko za a iya yi daga gida, da ko ta dace da sabon shiga. Wannan tsari ya yi kyau, don cikin minti biyu za ka san ko aikin naka ne.

Amma shafin allon sanarwa ne kawai. Da zarar ka aika saƙo, hulɗarka ta koma hannun jami'a ko asibitin da ya sa sanarwar, kuma a nan ake samun tangarɗa. Wasu masu binciken sukan nemi mutane saura kwana goma su miƙa takardar neman kuɗin binciken. A lokacin an riga an gama tsara komai, sunanka kawai ake so a cike gurbi. Alamarsa a fili take: wa'adi gajere, takarda mai shafuka da yawa, babu maganar abin da za a iya canjawa. Kafin ka amsa, tambayi abu biyu: wane sashe ne har yanzu ba a yanke shawara a kansa ba, kuma yaushe za a sanar da kai abin da shawararka ta sauya? Ƙa'idojin Birtaniya shida na shigar da jama'a cikin bincike, waɗanda suka fito a 2019, sun ba ka hurumin yin wannan tambaya.

Batun kuɗi yana son natsuwa. A baya, NIHR ta yi shekaru tana kwatanta fam 25 ga aikin awa ɗaya, fam 75 ga rabin yini, fam 150 ga yini guda, ban da kuɗin mota. Ba dole ne kowace jami'a ta bi ba, don haka a nemi adadin a rubuce. Biyan kan yi jinkiri saboda yana bi ta ofishin kuɗi na jami'a. Kuɗin kuma na iya shafar haraji da tallafin gwamnati na Universal Credit, wanda ake ba marasa aiki da masu ƙaramin albashi. Ɗalibi mai bizar karatu ya fara tambayar ofishin ɗaliban ƙasashen waje, domin ana iya lissafa shi a matsayin aiki, alhali awa 20 a mako ce iyakar mai karatun digiri lokacin karatu.

Ga Hausawa mazauna Birtaniya, musamman iyalan da ke fama da sikila, ciwon sukari ko hawan jini, shafin ya cancanci dubawa, don masu bincike na neman muryoyin 'yan Afirka. Sai dai sanarwar da Turanci take, tarukan ma haka. Mai son shigar da mahaifiyarsa ya tambaya tun farko ko an ware kuɗin tafinta a kasafin binciken.