Tsohuwar Talabijin a Zamanin Dijital: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Sayi Dikoda

Tun bayan yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Geneva a shekarar 2006, wadda ta sanya 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin daina watsa shirye-shirye ta tsohuwar hanyar analog, Nijeriya take jan ƙafa a kan wannan sauyi zuwa dijital. Sai a watan Afrilun 2016 aka fara gwaji a Jos, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kaduna da Ilori a 2017, sannan Legas da Kano a 2021. Wannan jinkiri ya sa gidaje da yawa suna cikin ruɗani, har wasu suna zaton dole ne su jefar da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya su sayi ta bango. Ba haka abin yake ba. Gilashin tsohuwar talabijin da lasifikarta suna nan garau, abin da ya tsufa a cikinta shi ne sashen da yake kamo tasha, kuma aikin wannan sashen ne dikoda take ɗauka.

Kafin a taka zuwa kasuwa, a juya talabijin a duba bayanta. Idan tana da ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, to kusan kowace dikoda za ta shiga ba tare da wata wahala ba: rawaya ta hoto ce, sauran biyun na sauti. Waɗansu talabijin na gwanjo da aka shigo da su daga Turai suna zuwa da wani faffaɗan soket mai ramuka 21 da ake kira SCART, wanda ɗan ƙaramin mahaɗi mai arha yake mayar da shi ramuka uku. Masu matsala su ne tsofaffin da ba su da komai sai ramin eriya guda ɗaya. Mai irin wannan dole ya nemi dikoda mai fitar da RF, wato siginar da take shiga ta ramin eriya, ko ya haɗa da ƙaramar na'urar da ake kira modiyuleta, in ba haka ba zai koma gida da kayan da ba shi da wurin cusa shi. Wasu sababbin dikodoji HDMI kaɗai suke da shi, wato mahaɗin talabijin na zamani wanda tsohuwa ba ta da shi, don haka tambayar farko da za a yi wa mai shago ita ce wane irin rami dikodar take da shi.

Zaɓi na farko shi ne akwatin FreeTV, wanda Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ta tsara domin wannan sauyi. A yadda aka ƙaddamar da shi, yana aiki da eriya, ba a biyan kuɗin wata, sai ɗan kuɗin da ake biya shekara-shekara, kuma ga mai son labarai da tashoshin gida wannan shi ne mafi sauƙi ga aljihu. Sai dai amfaninsa ya dogara kacokan a kan ko siginar tana isa garin mutum, domin an ƙaddamar da shirin ne a jihohi ƙalilan, kuma ko a cikin jiha ɗaya turken watsawa ba ya kai wa kowace ƙaramar hukuma. Ina ba da shawarar kada kowa ya saye shi sai ya ga yana aiki a gidan maƙwabci ko a wani shago na unguwarsu.

Na biyu su ne dikodojin biyan wata masu eriya, irin na StarTimes, wanda ya shigo da haɗin gwiwar NTA a 2010, da GOtv na kamfanin MultiChoice da ya biyo baya a 2011. Farashin akwatin kansa yakan yi sauƙi, amma ba a nan lissafin yake ba. A ninka kuɗin wata sau 12, a ɗora a kan kuɗin akwati, sannan a kwatanta. Gidan da ke da masu kallon ƙwallon Turai ko finafinan Hausa a kullum zai iya ganin ribar wannan kuɗi, amma ga dattijon da labaran dare kawai yake jira, ɗaukar wa kai nauyi ne na babu gaira babu dalili.

Akwai kuma ƙananan akwatunan da ba su da wani kamfani a bayansu, waɗanda suka cika kasuwanni irin Sabon Gari a Kano da Alaba a Legas, kuma a nan ne aka fi yin asara. Tsarin da Nijeriya ta ɗauka shi ne DVB-T2, kuma dole a ga wannan rubutu har da lambar 2 a jikin kwalin. Akwatin gwanjo mai DVB-T kawai, wanda wasu ƙasashen Turai suka daina amfani da shi, ba zai kamo komai ba, haka nan wanda aka yi domin Amurka mai tsarin ATSC. Ko wanda yake daidai ɗin ma, tashoshin da aka bari a buɗe kaɗai zai nuna, waɗanda aka kulle ba za su fito ba komai ƙarfin eriya. Saboda haka a sa mai shago ya kunna shi, a ƙirga tashoshin da suka fito da ido, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa idan aka je gida bai yi ba.

Ga mutanen karkara da garuruwan da suke nesa da turke, dish ya fi komai tabbas. Risiba, wato dikodar dish, mai tsarin DVB-S2 tana kamo tashoshin kyauta masu yawa daga tauraron ɗan'adam, ba ruwanta da tsaunuka ko nisa, kuma tana shiga tsohuwar talabijin ta ramukan nan uku. Tsadarta tana wurin farawa: faranti, da kan da ake ɗaurawa a gabansa, da waya, da ladan mai saiti. Hadari mai ƙarfi yakan ɗauke hoto na ɗan lokaci a damina, kuma tashar jiha ba lallai ba ne tana kan tauraro, wanda hakan babban rashi ne ga mai son jin labarin garinsu.

Duk wanda ya zaɓi hanyar eriya, kada ya yi rowa a kanta. A zamanin analog, sigina mai rauni takan ba da hoto mai yayyafi amma ana kallo a haka. A dijital kuwa, ko hoto ya fito tangaran, ko ya daskare ya farfashe ya ɗauke gaba ɗaya. Eriyar UHF ta waje da aka ɗaga a kan dogon ƙarfe, aka fuskantar da ita wajen turke, aka haɗa da waya mai kauri marar gwami, ta fi dikoda mai tsada da aka liƙa wa eriyar ɗaki. Bayan an haɗa, a shiga saitin dikoda a mayar da girman hoto 4:3, domin idan aka bar shi a 16:9 mutane za su fito a matse sun yi tsawo.

Wuri ɗaya ne nake ganin sayen sabuwa ya fi gyara tsohuwa, shi ne gidan da yake dogaro da sola ko batir. Dikoda ba ta cin wuta sosai, wasu ma da bolt 12 suke aiki, amma talabijin mai ƙaton baya tana shan wuta fiye da ta bango mai girmanta, kuma za ta riƙa ƙarar da batir tun dare bai yi nisa ba. Mai irin wannan gida, idan zai sayi sabuwa, ya tabbatar an rubuta DVB-T2 a takardarta, domin siririyar talabijin ba lallai ba ne ta zama mai kamo dijital da kanta, musamman ta gwanjo da aka ƙera kafin wannan tsari ya yaɗu.