Parasitamol ko ibuprofen, wanne ya fi sauƙin illa? Amsar tambayar Anti ta jiya

Salamu alaikum 'yan gida. Anti, sai da asuba na ga tambayarki, kuma kafin in zo an riga an cika wajen da amsa kowa da tasa, wannan ta ce parasitamol yana cinye hanta a daina sha kwata-kwata, waccan ta ce ai ibuprofen ne mugun shi ke kai mutane wankin ƙoda, to wanda ya karanta duka sai ya rasa ina zai dafa. Ga waɗanda ba su gani ba, Anti cewa ta yi ita parasitamol take sha in kanta ya sara ko mara ta murɗa, maigida kuma keke napep yake ja tsakanin Kawo da Kasuwa a nan Kaduna wuni zubur, kusan kullum da dare sai ya biya kemis an haɗa masa na ciwon jiki, abin ya fara ba ta tsoro, wanne ne ya fi aminci kuma guda nawa ya kamata a sha.

Na daɗe a bayan kanta ina ba da magani nan Tudun Wada, bari in faɗa miki yadda na san su. Duka maganganun biyu akwai ƙamshin gaskiya, amma kowanne da inda yake cizo da kuma wanda yake ciza.

Parasitamol dai shi ne mai sauƙin hali. Ƙwaya ɗaya 500mg ce, babba yana shan ɗaya ko biyu, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 kafin a ƙara, kuma komai tsananin ciwon kar a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, wato 4000mg kenan. Ba ya ƙona ciki, mai olsa yana sha, mai hawan jini yana sha, mai juna biyu ma shi likitoci suka fi ba ta, ko ba ki ci komai ba za ki iya sha. Raunin shi ba ya sauke kumburi, in dasashi ya kumbura ko an yi targaɗe sai dai ya ɗan lafa miki. Wanda bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko wanda ya kwana biyu bai iya cin abinci ba, ko mai shan giya, wannan takwas ɗin ta yi masa yawa, sai ya tambayi likita nawa ne nasa. Ciwon hanta kuma kin san yana da yawa a cikinmu, wasu suna ɗauke da shi ba su taɓa gwaji ba.

Abin da ya sa ake jin tsoronsa, hanta ce ke sarrafa shi, wajen sarrafawar wani ɗan kaso yana komawa guba, hantar tana da abin da take kashe gubar da shi amma fa ma'auni gare shi, in aka yi mata lodi ya ƙare sai gubar ta koma kan hantar kanta. Kuma mugun abin shiru yake yi. Mutum zai sha da yawa yau ya tashi gobe garau, ko ɗan tashin zuciya kawai, sai bayan kwana biyu uku ido ya yi ɗorawa a ce shawara ce a fara jiƙe-jiƙe. Akwai makarinsa a asibiti kuma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa 8 na farko, saboda haka in yaro ya samu kwalba ya shanye ko babba ya zarce, ba maganar manja ko madara, ba a jira a ga alama, a kwashi kwalin da komai a tafi Barau Dikko ko Yusuf Dantsoho ko duk asibitin da ya fi kusa.

Amma gaskiya ni ban cika ganin wanda ya ɓare ƙwaya goma ya watsa a baki ba. Abin da nake gani kullum shi ne ninki ba da sani ba. Wani bawan Allah ya taɓa shigowa da mura hanci na zuba, ya ce in ba shi Procold, yana laluben kuɗi sai ga katin Panadol Extra ya faɗo daga aljihu saura biyu, na ce Malam wannan fa, ya ce ai na ciwon kai ne tun safe yake sha bibbiyu, da azahar kuma abokinsa ya ba shi Boska. Na juya masa bayan katunan na ce karanta nan, duka ukun parasitamol ne a ciki, riga kawai aka canza. Shi a lissafinsa magani uku daban-daban yake sha na cuta uku. Mixagrip ma haka, Sudrex haka, yawancin magungunan mura haka. Duk wanda aka rubuta paracetamol a bayansa ki sa shi cikin lissafin takwas ɗin nan.

To ibuprofen kuma wani gida ne daban. Yana zuwa 200mg ko 400mg, babba yana shan 200 zuwa 400 duk awa 6 zuwa 8, in ba likita ne ya rubuta ba kar a wuce 1200mg a rana, wato na 400 guda uku, kuma a kan abinci ba a kan shayi tsura ba. Shi yana sauke kumburi, shi ya sa a ciwon haƙori da gaɓoɓi ya fi parasitamol, ciwon mara kam ya fi shi aiki, domin wani sinadari da jiki ke fitarwa mai suna prostaglandin shi ke sa mahaifa ta dinga murɗawa, ibuprofen kuma shi yake tarewa. To a nan gizo ke saƙar, wannan sinadarin dai shi ne ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, kuma shi ke taimakawa jini ya isa ƙoda musamman in jiki ba ruwa. Kin tare shi wajen ciwo kin tare shi can ma. Daga nan olsa ke zuwa, da zubar jini a ciki, da wahalar ƙoda, da hawan jini ya ƙi sauka alhali mutum na shan maganinsa.

Shi ya sa waɗanda bai kamata su taɓa shi ba suna da yawa. Mai olsa ko wanda ya taɓa yi, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai hawan jini musamman in yana shan irin su lisinopril da maganin sa fitsari, mai shan maganin tsinka jini, wasu masu asma yana tayar musu, tsofaffi sai da kula sosai, mai ciki kuma ta bar shi sai da izinin likita, daga sati 20 zuwa sama abin ya fi haɗari ga jaririn. Kin ga bambancin kenan, parasitamol kusan kowa zai iya sha amma yana da layin da ba a tsallakewa, ibuprofen kuwa ko ba ki wuce ƙa'ida ba in jikinki ba nasa ba ne ko kin mai da shi na kullum zai iya yi miki ɓarna.

Yanzu maganar maigida, wadda ita ta fi damuna a tambayar taki. Ibuprofen yana da 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, diklofenak da ake sayarwa da sunan Cataflam ko Voltaren, piroksikam wato Felvin da 'yan aikin ƙarfi ke so, sai asfirin. Alabukun ɗin nan da ake zazzagawa a harshe a kora da ruwan leda asfirin ne 760mg da kafeyin 60mg a ƙunshi ɗaya, kuma yawanci da safe ake sha ciki ba komai. Ba a haɗa biyu daga gidan nan, ba ya ƙara kashe ciwo sai dai ya ninka ɓarna. Felvin 20mg sau ɗaya ne a rana domin yana daɗewa a jiki, sai ya kwana biyu rabinsa bai fita ba, kuma yana cikin waɗanda suka fi cin ciki, amma sai ki ga mutum ya sha safe da yamma. Diklofenak na sha kuwa a Ingila tun 2015 aka hana sayar da shi sai da takardar likita saboda haɗarinsa ga zuciya, mu nan kamar gyaɗa.

Haɗin gajiya da ake ƙullawa a leda shi ne ban yarda da shi ba sam. Wata mata ta taɓa kawo min wanda mijinta ke sayowa a wani shago, na zazzage a kan kanta ƙwaya biyar kala-kala, na gane diklofenak, na gane piroksikam, ga parasitamol, ga wata 'yar fara ƙarama irin ta su dexamethasone, ta biyar ɗin ma ba rubutu a jikinta. Kin ga 'yan gida ɗaya biyu kenan, ga wannan 'yar ƙaramar da ita ma ke ƙara haɗarin gyambon ciki in an haɗa ta da su. Mutum zai sha ya ji wasai ya yi barci ya ce mai kemis ɗin nan ya iya haɗi. To ki ɗora wannan a kan mai keke a zafin Maris da Afrilu, ya wuni yana gumi ruwan da ya sha bai fi leda biyu ba, fitsarinsa ja kamar shayi, ƙoda dama a matse take sai kuma a zo a rage mata jini kowane dare. Lokacin azumi ma haka, masu haɗiye Felvin da sahur don kar jiki ya yi ciwo su ji tsoron Allah su ji tausayin cikinsu.

Wata ta tambaya a ƙasa ko ana haɗa parasitamol da ibuprofen. Ana yi, tunda ba gidansu ɗaya ba, in ciwon haƙori ya hana barci kafin a ga likita yana taimakawa. Ibucap ma duka biyun ne a ciki da kafeyin, sai dai in kin sha shi ki lissafa shi ta ɓangare biyun.

Yara kuma da nauyi ake auna musu ba da shekaru ko da ido ba. Parasitamol wajen 15mg ne a kan kowane kilo, yaro mai kilo 10 zai sha 150mg, a ruwan maganin da ke da 120 ko 125mg cikin 5ml kusan 6ml kenan, kar ya wuce sau 4 a awa 24, kuma da sirinji ko murfin awo ba cokalin cin shinkafa ba. Na ɗigo na jarirai ya fi ƙarfi sosai, a duba kwalbar. Ibuprofen ba a ba ɗan ƙasa da wata 3, ba a ba mai amai da gudawa, ba a ba mai ƙarambau. Asfirin da Alabukun kuwa duk wanda bai kai shekara 16 ba a nisanta shi da su. Zazzaɓi kuma in ya ƙi tafiya a je a yi gwajin maleriya, parasitamol zafin kawai yake saukewa.

Ke Anti, in da ni ce, ciwon kai parasitamol biyu da ruwa mai yawa ya isa, mara kuma in ba ki da olsa ba ki da ciki ibuprofen 400 bayan cin abinci na kwana biyu ko uku da ta fi tsanani. Ki dai lura, in kina shan maganin ciwon kai ya kai kwana 15 a wata shi kansa maganin yana iya zama mai kawo ciwon, sai a ga likita. Maigida kuma a lallaɓa shi ya bar haɗin nan, ya yawaita ruwa da rana, in jiki ya matsa ya sha parasitamol, baya da kafaɗa a shafa masa diklofenak na shafawa wanda kaɗan ne ke shiga jini. Tunda ya daɗe yana sha ya je a auna jininsa a yi masa gwajin ƙoda, ba sai ya kwanta ba. In kuwa kin ji yana kukan zafin ƙirji ko saman ciki, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, ko amai da jini, ko ƙafa da fuska sun kumbura, ko fitsari ya ragu, a ranar za a tafi asibiti.

Yau in ya dawo da ledar kar ki bari ya sha tukuna, ki zazzage a faranti ki ɗauki hoto gaba da baya ki turo min ta akwati, sai in gaya miki waɗanda na gane a ciki.